Yadda za ka karanta sashen kundin tsarin mulki kafin ka shiga musu

'Yan uwa tun ranar 11 ga Yuli 2024 da Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye musu bai ƙare ba a teburin mai shayi nan Jahun, wani ya ce alƙalai sun yi daidai wani ya ce sun tsallake doka, kuma yawancinmu ko sashen ba mu taɓa gani ba. To ga yadda nake bi.

Fara nemo sashen da kanka, kar ka tsaya kan "an ce". Kundin 1999 yana intanet, in Turancin ya yi maka nauyi malamin firamare ya karanta maka kalma bayan kalma.

Sai ka tambayi kanka, me lafazin ya faɗa a zahiri? Sashe na 162 ya ce kason ƙananan hukumomi a ba jihohi domin amfanin su ƙananan hukumomin, kuma kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa. Mai tsayawa kan nassi nan zai ja birki, ya ce in tsarin ya lalace majalisa ce za ta gyara ba alƙali ba, kuma wallahi hujjarsa ba ta raini ba ce.

Amma kar ka rufe littafin tukuna, leƙa sashe na 7 wanda ya ba da tabbacin zaɓaɓɓun shugabanni a ƙaramar hukuma, ba kantoma ba. Nan mai duba manufa yake shigowa, ya ce don me aka rubuta 162 tun farko in ba don kuɗin ya iso ƙasa ba, ya zama famfo da magani a asibitin ƙauye? Wannan hanyar kotu ta bi, ni ma can zuciyata ta karkata, don mu ne ke shan wahalar.

Ka kuma san cewa tsayawa kan lafazi ba kullum yake kashe gardama ba. A 1979 jihohi 19 ne, doka ta ce sai ɗan takarar shugaban ƙasa ya samu rubu'in ƙuri'u a biyu bisa uku na jihohi, Shagari ya samu a 12, a tsohuwar Kano da mu Jigawa muke ciki ya tsaya wajen kashi 20 cikin 100. Awolowo ya ce ba a gutsure jiha, 13 ake nufi, kotu ta ce 12 da biyu bisa uku, wato a Kano rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un jihar ya isa, Shagari ya wuce.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi wuya, ka juya lamarin, ka ɗauka ɗan jam'iyyar da ba ka so ne zai amfana da fassarar da ka zaɓa. In ka ji kana neman komawa ɗaya ɓangaren, to ka sake buɗe sashen ka karanta daga farko.