Yadda za ka kwashe ilimin tsohon ma'aikaci kafin ya bar masana'antar katako

Shekarar da dattijon da ke kula da ɗakin busar da katako a wurin aikinmu ya yi ritaya, lodi uku a jere suka lalace mana. Daga waje allunan lafiya lau, sai an yanka a tarar cikinsu ya tsattsage kamar saƙar zuma. Jadawalin zafi da laima da ya bari manne a bango mun bi shi sak. Da na same shi na tambaya, sai ya ce ai shi idan allunan masu kauri ne ba ya bin takardar a kwanakin farko. Yakan riƙe laimar ɗakin a sama har sai allunan gwaji sun nuna masa ruwan na sauka a hankali. Shekara da shekaru yana yin haka, bai rubuta ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Masana biyu 'yan Japan, Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi, sun yi dogon bayani a 1995 kan ilimin da ke rubuce da wanda ke zaune a hannu da idon ma'aikaci, da yadda kamfani ke mayar da na biyun ya zama na kowa. Ga yadda nake yin hakan yanzu.

Kada ka kira mutumin ofis ka miƙa masa takarda ya cike. Ka je ka tsaya kusa da shi a bakin injin, kwana da kwanaki idan ta kama. Kuma ka daina tambayar "yaya ake yi?", don amsar da za ka samu ita ce wadda ke bango. Ka jira sai ya taɓa wani maɓalli ko ya tsayar da injin, sannan ka ce, "Baba, me ka gani da ya sa ka yi haka?" A nan ne za ka ji cewa ƙarar zarton ce ta canza, ko bakin allon ya fara nuna 'yan tsagu kamar gashi. Idan ya yarda, ka ɗauke shi bidiyo da waya, domin akwai abin da hannu ke yi wanda baki ba ya iya faɗi.

Sai aikin da ya fi cin rai, wato mayar da maganarsa lamba. "Ya bushe" ba zai amfani yaron da zai gaje shi ba. Ka yanko gutsure daga allon da dattijon ya ce ya kai, ka auna shi a sikeli, ka sa shi a tanderu mai zafin digiri 103 a ma'aunin Celsius har nauyinsa ya daina raguwa, ka sake aunawa. Misali, idan ɗanyen gutsure ya shiga da giram 150 ya fito da 100, ruwan da ya fita giram 50 ne. Ka raba shi da busasshen nauyin, laimarsa kashi 50 cikin ɗari ke nan. Na'urar auna laima mai allura tana da sauri, amma idan laimar ta haura wajen kashi 30 ba a dogara da ita. Wannan kashi 30 ɗin ka riƙe shi da kyau: daga nan ne katako ke fara tsukewa. Saman allo yana riga cikinsa sauka ƙasa da wannan mataki, sai saman ya nemi tsukewa alhali cikin na jiƙe, abin da ke haifar da tsagewa ke nan. Dattijonmu bai san lambar ba, amma ita yake gudu duk tsawon shekarun nan. Da muka auna allunansa sau da yawa, sai "a hankali" ɗinsa ya zama adadin laimar da bai kamata allo ya wuce zubarwa a rana ɗaya ba, muka rubuta shi ga kowane irin itace da kowane kauri.

Kowane lodi ya samu shafinsa: irin itacen, kaurinsa, ranar da aka sare gungumen, laimar shiga da ta fita, duk canjin da aka yi da wanda ya yi shi. Littafi da biro ma sun isa a farko, kwamfuta ta biyo baya. Abin da na fi dagewa a kai shi ne a rubuta lodin da ya lalace dalla-dalla fiye da wanda ya yi kyau. Wannan ba zai yiwu ba muddin ana cire wa mutum albashi kan kuskuren da ya faɗa da bakinsa. Ranar da ka hukunta mai gaskiya, daga ranar littafin zai cika da "komai lafiya".

Idan rubutu ya taru, sai gyaran tsarin aiki. Abu ɗaya kawai za ka canza a lokaci guda, ka gwada shi a ƙaramin lodi, ka duba sakamako, sannan ka ɗauka ko ka watsar. Tsarin da W. Edwards Deming, masanin ingancin aiki ɗan Amurka, ya yaɗa ke nan. Ka shafa kaki a bakin rabin allunan ka bar rabi, ka ƙirga waɗanda suka tsage. Wani makon ka gwada jera sandunan da ake sa wa tsakanin alluna a saitin juna daga ƙasa har sama, ka ga ko lanƙwashewa ta ragu. Idan ka haɗa su rana ɗaya, ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

A wurin yanka ma haka ne. Gungume shi ne ya fi cin kuɗi a masana'antar, kuma duk abin da haƙoran zarto suka ci gari yake zama. Zarton da ya rage milimita 1 a kowane yanka, a gungumen da ake yi wa yanka 20, ya ceto maka milimita 20 na itace. Amma siririn zarto yana rawa idan an tura gungume da sauri, allo ya fito da kauri ba daidai ba. Mai wasa zarto ne ya san iyakar, don haka da shi za a tsara gwajin tun farko.

Akwai tsoron da ba a cika faɗi ba: tsohon ma'aikaci yana ganin idan ya zazzage abin da ya sani, gobe a sallame shi. Tsoron yana da dalili, kuma lallashi ba ya kawar da shi. Mu mun mayar da koyarwa aiki mai lada na daban, muka sa sunan mai dabara da kwanan wata a kan kowace takardar aiki, muka haɗa kowane dattijo da matashi ɗaya tun saura shekara biyu ya tafi. Dattijon ɗakin busarwa kuwa mun ɗauke shi yana zuwa sau ɗaya a wata ya duba littafin. A zuwansa na biyu ya soke layi guda a sabon jadawalin, ya ce gungumen da ya daɗe a fili bakinsa ya riga ya tsage, sai an datse shi kafin a ɗauki allon gwaji. Muka ƙara gurbin kwanakin da gungume ya yi a fili a shafin kowane lodi.