Yadda ake odar sabuwar babbar salun har ta iso gidanka lafiya

Duk mai shirin sayen sabuwar mota gadagal irin manyan salun ɗin nan masu tsawon kusan mita 5, abin da zai fara sa wa ransa shi ne biyan kuɗin motar shi ne ɓangare mai sauƙi, wahalar tana wajen tabbatar da cewa abin da ka biya shi ne ya iso, sannan in ta iso akwai wanda zai iya taɓa ta a garinku. To ga yadda abin yake daki-daki.

Mataki na farko: san wacce ake ƙerawa har yanzu

Wannan mutane da yawa ba sa lura da shi. Kasuwar manyan salun ta ragu sosai saboda kowa ya koma jif. A Amurka an daina ƙera Chevrolet Impala tun 2020, Toyota ta tsayar da Avalon a can a 2022 ta kawo Crown a madadinta, Chrysler 300 da Nissan Maxima su ma sun tsaya a 2023. Don haka in wani ya ce zai kawo maka sabuwar Avalon yanzu, to ko dai tsohon kaya ne da ya daɗe a ajiye ko kuma ƙirar Sin ce, don a can ana ci gaba da yin ta. Ba laifi ba ne ka saya, amma ka san me kake saya.

Waɗanda suka rage a fagen akwai Toyota Crown, Hyundai Grandeur wadda a ƙasashen Larabawa ake sayar da ita da sunan Azera, sai manyan gida irin su Mercedes S-Class, BMW 7 Series da Genesis G90. Kafin ka zaɓa, ka fita ka dubi hanyar unguwarku da idon basira, tudun rage gudun da aka yi da kankare, kwatar da ke bakin get ɗinka, da yadda layin yake zama in damina ta sauka. Salun doguwa ce kuma cikinta a ƙasa yake, tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya ita ke sa cikin ya riƙa gogar tudu. Ka auna garejinka ma da tef, ba da ido ba.

Mataki na biyu: ta hannun wa za ka saya

Hanya biyu ce. Ko ka je wajen wakilin kamfanin da ke nan Najeriya, kamar Toyota Nigeria da dilolinta irin su Elizade, ko Weststar masu Mercedes, ko Coscharis masu BMW, ko kuma ka yi oda daga waje da kanka, galibi Dubai ko Amurka. Ni dai in har wakilin nan gida yana kawo irin motar da kake so, shi nake ba da shawara ko da ya ɗan fi tsada, dalili kuwa garanti. Motar da ka shigo da ita da kanka yawanci garantinta na ƙasar da aka sayar da ita ne, ranar da kwamfutar giya ta ba da matsala babu wanda zai saurare ka a nan, sai dai ka zaro kuɗi daga aljihu, kuma a irin waɗannan motocin ba ƙananan kuɗi ba ne.

Amma gaskiya ba kowace ƙira wakilan nan suke kawowa ba, shi ya sa mutane ke tafiya Dubai. In can za ka, nemi wadda aka ƙera domin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, don an shirya esi da lagireto ɗinta saboda zafi da ƙura, yanayin da ya yi kama da namu na arewa. Kar ka yarda da mai sitiyari a dama komai arharta, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta dace da titinmu mai sitiyari a hagu ce, kuma masu juya sitiyari daga dama zuwa hagu suna taɓa wayoyi da dashbod ta yadda motar ba ta sake komawa daidai.

Sai maganar mai. A Dubai kana shiga gidan mai za ka ga ajin fetur uku, 91 da 95 da 98, ka zaɓa, mu nan fetur iri ɗaya ne a famfo. Ka tambayi dila wane irin mai littafin motar ya ce a sa mata, musamman masu injin tabo, kuma ka sa a nuna maka a rubuce.

Mataki na uku: rubuta odar, komai da komai

Nan ne nake so a tsaya sosai, don yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai saye da dila daga nan take farawa. Maganar baki ko saƙon murya a WhatsApp ba oda ba ce. Ka sa a ba ka takardar farashi mai kan sarki na kamfanin, a cikinta a rubuta sunan motar, shekarar ƙira, ajin da ka zaɓa (don mota ɗaya tana iya zuwa aji uku ko huɗu kuma bambancin kuɗinsu miliyoyi ne), girman inji, launin waje, launin kujeru, girman rim, da duk wani ƙarin da ka biya kamar rufin gilashi ko kujerun baya masu sanyaya jiki. A rubuta lokacin da za a miƙa maka, a rubuta me zai faru da kafin alƙalaminka in lokacin ya wuce ko kuma aka kawo wata daban.

Kuma a rubuta da wane kuɗi aka yi ciniki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda canji ke iya tashi cikin 'yan makonni, odar da za a ƙera daga masana'anta kuwa tana ɗaukar watanni, to in ba a fayyace ba ranar da motar ta iso za a ce maka dala ta hau sai ka cika. Ko dai a tsayar da farashi a naira, ko a yarda a dala ne kai kuma ka tanadi dalarka tun da wuri.

Wajen zaɓen kaya ga ra'ayina: ka guji manyan rim masu siririyar taya, suna da kyau a hoto amma rami ɗaya a hanyar Kaduna zuwa Kano ya isa ya kumbura tayar ko ya lanƙwasa rim ɗin. Ɗauki ƙaramin rim mai taya mai kauri, motar ma ta fi laushi a haka. Ka tambaya ko akwai safaya, don da yawa daga motocin Jamus yanzu ba sa zuwa da ita. Baƙar mota mai baƙaƙen kujerun fata kuma, ka tuna da zafin ranar watan Afrilu kafin ka sa hannu.

Kuɗi kuma ta banki, cikin asusun kamfani, ba asusun wani yaron shago ko ɗan'uwan dila ba, ko da kun saba. Kowane biya da rasit ɗinsa.

Da zarar an ware maka mota, ka nemi lambar shasi, wato lambar da kamfani ya buga a jikin motar wadda ita kaɗai ke da ita. Haruffa da lambobi 17 ne. Na farkon yana nuna ƙasar da aka ƙera ta, J Japan, W Jamus, K Koriya, L Sin, 1 ko 4 ko 5 Amurka. A motocin kasuwar Amurka na goma yana nuna shekarar ƙira, R 2024, S 2025. Ka adana lambar nan, ita za ka bi a kan kowace takarda har ranar karɓa.

Mataki na huɗu: jirgi da kwastam

In ta hannun wakilin gida ka saya wannan ba ruwanka, ka tsallake. In kai ka shigo da ita, to ta ruwa za ta zo, don tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, duk wanda ya ce zai sauke ta Kwatano ya lallaɓo maka da ita ta daji yana saka ka ne cikin asara. Ga sabuwar mota mai tsada kwantena ta fi, an rufe an sa hatimi, babu mai buɗe ƙofa ya cire wani abu a hanya, kuma ka yi mata inshorar ruwa.

Ka samu ajan mai lasisin fitar da kaya daga kwastam tun kafin jirgin ya taso, shi da bankinka za su shirya takardun shigo da kaya da ake kira Form M da PAAR, kuma ka tabbatar sunanka da lambar shasi sun fito daidai a takardar lodin jirgi, harafi ɗaya in ya kuskure motar za ta zauna a tashar jirgin ruwa ta Tin Can ko Apapa a Legas kuɗin ajiya yana hawa kullum. Tun 2022 kwastam suna kimanta kuɗin fito ne ta lambar shasi, akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kai, sauran kason kuma gwamnati tana sauya shi lokaci zuwa lokaci, don haka ajan ya ba ka lissafin ranar a rubuce. In wani ya ce zai fitar maka da ita a rabin kuɗi ka gudu, jami'an kwastam na kan hanya suna duba takardu, motar da ba a biya mata cikakken fito ba kamawa ake yi ko bayan shekara nawa ne.

Daga Legas zuwa arewa kuma a ɗora ta a motar dakon motoci. Tafiyar ta kai kilomita 1,000, ba daidai ba ne sabon inji ya fara rayuwarsa a hannun direban da ke sauri ya sauke ya koma ya ɗauko wata.

Mataki na biyar: ranar karɓa

Ka je da rana tsaka, kar ka karɓi mota da magariba ko a ƙarƙashin fitilar shago. Ka tafi da makanikenka. Fara da lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da wadda ke jikin ƙofa su yi daidai da ta takarda. Dubi mita, sabuwar mota 'yan kilomita kaɗan ya kamata a gani. Tsuguna ka karanta gefen taya, akwai lambobi 4 a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, misali 1224 na nufin mako na 12 a 2024, in ka ga tayoyin sun girmi shekarar da aka ce maka sosai to motar ta daɗe a ajiye kuma batir ɗin ma abin dubawa ne. Bi jikin fenti da tafin hannu, ka kalli kowace ƙofa daga gefe ko launin ya bambanta. Kunna esi, gwada kowane maɓalli, kujeru, gilasai, kyamarar baya. Makulli biyu za a ba ka, da littafin mota da na garanti mai hatimi da kwanan wata. Duk abin da ka gani ba daidai ba a rubuta shi a takardar miƙawa kafin ka sa hannu, don in ka fita get magana ta canza.

Kuma don Allah a cire ledar kujeru da farar ledar da ake mannawa a kan bonet da rufi. Na san ana son a ga sabuwa ce, amma rana tana gasa gam ɗin ya kama fenti, ta kujera kuma tana riƙe gumi da zafi.

Mataki na shida: takardu

Lamba, lasisin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota ta VIO masu duba motoci, sai inshora. Ƙaramar inshorar da doka ta wajabta naira 15,000 ce tun Janairun 2023, amma ita asarar wanda ka buga kawai take biya, ba ta biyan taka. Motar da ta ci wannan kuɗin cikakkiyar inshora ta dace da ita, hukumar kula da inshora ta ƙasa NAICOM ta sa mafi ƙarancin kuɗinta kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara, ka sa shi cikin lissafi tun farko. Mai son tsarin Musulunci akwai kamfanonin takaful. Ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na intanet da ake kira NIID don ka tabbatar inshorar ta gaske ce. In gilasan masu duhu ne ko daga kamfani suka zo haka, ka bincika maganar izinin 'yan sanda.

Mataki na bakwai: zama da ita

Kilomita 1,000 na farko a bi ta a hankali, ban da taka totur har ƙasa, ban da birki mai ƙarfi in ba dole ba. Sabis kuma a wajen wakilin kamfani har garanti ya ƙare, a buga hatimi a littafi kowane zuwa, don juye ɗaya a bakin titi ya isa a ce ka karya sharaɗi. Baƙin man da littafi ya rubuta shi za a zuba, injinan yanzu siririn mai suke sha irin 0W-20, mai kaurin da aka saba zuba wa tsofaffin motoci yana cutar da su. Yanayinmu na ƙura da zafi da cunkoso yana cikin abin da littafin ke kira aiki mai tsanani, don haka jadawalin gajeren zango za ka bi, kuma lokacin hunturu a riƙa duba matatar iska da ta esi akai-akai. A lagireto ruwan sanyaya inji na gaske za a sa, ba ruwan famfo ba, kuma kar ka bari kowa ya cire mata tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, da sunan wai ƙasarmu da zafi.

In mai haɗin batir da fetur ce kamar Crown, akwai 'yar kafar iska a wajen kujerar baya da ke sanyaya babban batir, kar a toshe ta da jaka ko darduma, kuma a riƙa share matatarta. In mai shokozoban iska ce kamar S-Class, ranar da ka wayi gari ka ga gefe ɗaya ya kwanta kar ka ci gaba da hawa, kwamfaresan da ke hura masa iska zai yi ta aiki har ya ƙone, ka kira wakilin kamfani tun abin yana ƙarami. Gidan mai kuma ka tsayar da ɗaya ko biyu da ka yarda da su, ka daina barin tanki yana kaiwa ƙasa, kuma in direba ne zai riƙa ja, ka zaunar da shi ku karanta littafin tare tun ranar farko, ya san ma'anar kowace fitila da za ta kama a dashbod da lambar wanda zai kira in ta kama.