Kurakuran da ake yi wajen koyar da falsafar siyasa da fim

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗaukar fim a matsayin hujja. Malami ya kunna wa ɗalibai fim ɗin Lord of the Flies na 1963, su ga yara 'yan Ingila da jirgi ya faɗi da su a tsibiri sun koma farautar junansu, sai ya ce, "Kun gani? In babu hukuma, mutum dabba ne, kamar yadda masanin falsafa Thomas Hobbes ya faɗa." Alhali labarin ƙagagge ne. William Golding ya wallafa littafin da aka ciro fim ɗin daga cikinsa a 1954, bayan ya yi aikin sojan ruwa a yaƙin duniya na biyu, kuma abin da ya gano a can ne ya zuba a ciki.

Gyaran shi ne a kawo labarin gaske a jera su. A 1965 yara shida 'yan ƙasar Tonga da ke tekun Pasifik sun maƙale a tsibirin Ata har wata 15. Suka raba aiki, suka yi jinyar wanda ya karye a ƙafa, aka ceto su a 1966 dukkansu da rai. A tambayi aji: me ya sa waɗannan ba su ci junansu ba?

Shi kansa Hobbes ana yi masa ƙage. A babi na 13 na littafinsa Leviathan, wanda ya fito a 1651, bai ce an haifi mutum mugu ba. Ya kawo sababin faɗa guda uku: gasa, rashin amincewa da juna, da son girma. Mutumin kirki ma, in yana tsoron maƙwabcinsa kuma babu wanda zai kai wa ƙara, yana iya riga shi kai hannu. Don haka a sa ɗalibai su lura da lokacin da tsoron dodo ya shiga zukatan yaran da ke cikin fim ɗin, domin daga nan komai ya lalace. Su kuma dubi farkon fim ɗin, inda aka zaɓi wani yaro mai suna Ralph shugaba da ƙuri'a, aka yarda wanda ke riƙe da ƙahon kodi shi ne mai magana. Wannan wurin na masanin falsafa John Locke ne, mulki bisa yardar jama'a, kuma galibi ana wuce shi.

Kada a cinye darasi da kallo. A fara karanta babin na Hobbes, gajere ne, a kalli minti goma, a tsayar, a yi muhawara.