Kurakuran fina-finan kaboyi game da matan gonakin kiwo da dawakinsu

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tsayar da mace a bakin ƙofa tana jiran dawowar mijinta, kamar ba ta da wani aiki a gonar kiwo sai girki da zullumi. Tarihin yammacin Amurka bai yarda da wannan ba. Dokar rabon filaye ta 1862 ta bai wa mace marar aure ko wadda mijinta ya rasu damar mallakar eka 160 da sunanta, kuma a 1873 Margaret Borland ta kora garken shanunta da kanta daga Texas har Wichita a jihar Kansas. Gyaran yana hannun marubuci: a nuna macen da ke cikin fim tana ƙirga shanu, tana cinikinsu, tana tsaye a wurin da ake yi wa maruƙa lalas, hannunta ya yi kanta, fuskarta da ƙunar rana.

Sutura ma ana yawan kuskure a kanta. Wandon jins mai matse jiki bai dace da labarin shekarun 1870 ba, domin a lokacin mata da yawa a kaikaice suke zama a kan sirdi, ƙafafu biyu a gefe guda. Siket mai tsaga biyu, wanda ya ba su damar hawa irin na maza, sai a ƙarshen ƙarnin ya bazu, har an yi wa mai ɗaukar hoto Evelyn Cameron barazanar kamu a Miles City ta Montana saboda ta saka shi. Sai a tsayar da shekarar labari kafin a ɗinka kaya.

A kan doki kuwa, duk wanda ya taɓa riƙe linzami, ko da a hawan Sallah ne, zai gane aibin nan take. Ana nuna doki guda yana sukuwa tun hantsi har la'asar, babu gumi, babu kumfa, alhali masu kora shanu ba su cika wuce mil 10 zuwa 15 a yini ba, kuma kowane mahayi yana da dawaki da dama da yake sauyawa. Yawancin tafiyar taku ce da sassarfa. Haniniyar da ake cusawa a ɗakin haɗa sauti duk lokacin da doki ya bayyana ƙarya ce, don doki mai aiki shiru yake yi, sai numfashi da ƙarar kofato da kukan fatar sirdi. Haka nan ingarma baƙi mai dogon gashi irin na Holan kyau kawai yake da shi a hoto. Dokin kiwo gajere ne, mai jimiri.

Jarumar da ba ta iya hawa ba likkafa ke tona mata asiri, sai a ga tana fizgar linzami tana tsalle a kan sirdi. Makonni kaɗan na horo kafin a fara ɗauka, tare da ɗaura sirdi da jan majayi da hannunta, sun fi ɓoye ta da wata mahayiya daga nesa.