Yadda Ake Tantance Ɗan Katanga Kafin a Ɗauke Shi a NFL

A ƙwallon Amurka, ƙarti biyar ne ke yi wa mai jefa ƙwallo katanga. Su ke tare masu kawo masa hari, su ke buɗe wa mai gudu da ƙwallo hanya. Duk watan Maris, da zarar an buɗe kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, ƙungiyoyi 32 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, sai su shiga rububinsu. Ga yadda ake gane wanda ya cancanci kuɗinsa.

Fara da tambayar da magoya baya ba sa son ji: me ya sa ƙungiyarsa ta sake shi? Da wuya a saki ɗan katanga nagari haka kawai. Ko dai kuɗinsa ya fi ƙarfinta, ko kuma likitocinta sun ga wani abu a gwiwarsa ko a bayansa. Idan na farko ne, ka yi sa'a. Idan na biyu ne, ka rufe jakarka.

Sannan ka ƙirga wasannin da ya buga, don ƙarfi ba ya da amfani a kan benci. Joe Thuney ya yi kaka biyar a New England Patriots, ya fara duk wasanni 80 ba fashi. A Fabrairun 2021 Tampa Bay ta lallasa Kansas City Chiefs 31 da 9 a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL. 'Yan katangar Chiefs na gefe biyu duk suna jinya, mai jefa mata ƙwallo Patrick Mahomes ya yi ta gudun ceton kai. Da Maris ya zo, Chiefs ta ba Thuney dala miliyan 80 na shekara biyar, kuma da shi ta ɗauki kofin a 2023.

Na uku, duba gurbin. Wanda ya saba da hagu ba lalle ya iya dama ba, domin takun ƙafa da sa hannu duk juyewa suke yi.

Sai kuɗi. NFL na ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, dala miliyan 279.2 a 2025. Kada jimillar kwantiragi ta ruɗe ka. Duba nawa ne dole a biya ko da ya gaza. New York Giants ta ba Nate Solder miliyan 62 a 2018, kuma a ganina kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Shekaru kuwa, kada su tsorata ka sosai. Andrew Whitworth ya koma ƙungiyar Los Angeles Rams yana da 35, ya ci Super Bowl yana da 40.

Kafin a sa hannu, kwatanta shi da matasan jami'a da za a zaɓa a Afrilu, waɗanda albashinsu na shekara huɗun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan har yanzu shi ne ya fi, likitanka ya duba shi tukuna.