Yadda ake haɗa shayin mate, da abin da yake yi wa jiki

'Yan uwa masu kallon ƙwallo duk kun san ɗan ƙoƙon nan da Messi da Suarez ke yawo da shi a hannu, da wani bututun ƙarfe a ciki suna zuƙa, ga fulas a hammata. To ganye ne a ciki, sunansa yarba mate. Itacen yana fitowa a Faraguwai da arewa maso gabashin Ajantina da kudancin Barazil, kuma mutanen ƙabilar Guwarani ne suka fara shansa tun kafin Turawan Sifen su shiga yankin. A 2013 Ajantina ta yi doka ta ce shi ne shayinta na ƙasa. Larabawan Siriya da Labanan da suka je ci-rani can su suka dawo da shi gida, har yau Siriya ce ta fi kowa sayen na Ajantina, shi ya sa idan za ka nema a nan Garwa ko Marwa ka fara tambaya a kantunan 'yan Labanan, ko ka ba wa mai zuwa Duwala ko Injamena sautu. Taragüi, Rosamonte, Piporé, Pajarito, duk sunayen da za ka gani a jikin leda ne.

Abin da nake so kowa ya riƙe tun daga farko shi ne maganar zafin ruwa. Mu nan Garwa da Marwa mun saba da shayin da ake ɗora buta kan gawayi a bar shi ya yi ta ɓararraka, a zuba sukari son rai, a kurɓa yana ƙona leɓe. Wallahi idan ka yi wa mate haka ka yi asarar kuɗinka, zai yi ɗaci kamar maɗaci kuma ruwa biyu ko uku ganyen ya mutu. Ruwan da yake so tsakanin digiri 70 zuwa 80 ne. Ba sai da ma'auni ba, ka tafasa ruwa ka sauke, kashi biyu na tafasasshe ka ƙara kashi ɗaya na ruwa mai tsabta wanda ba a ɗumama ba, shi ke nan ka juye a fulas.

Kuma ba daɗin baki kaɗai ba ne. A 2016 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta ce shan abu mai zafi sama da digiri 65 yana iya jawo dajin maƙogwaro, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki. Zafin ne matsalar, ko mate ne ko shayinmu ko kunu. Dan haka ko ka zuba ruwan ka ɗan dakata tukuna, in ka ji yana ƙonar baki to bai yi ba.

Yanzu haɗin. Ka samu ƙaramin ƙoƙo na duma mai ɗan zurfi, mu ai ba ma rasa wannan a kasuwa, ko kofin tangaran ma ya isa. Idan sabon ƙoƙo ne ka cika shi da jiƙaƙƙen ganye ya kwana, da safe ka kankare cikin da cokali ka ɗauraye, kuma kullum bayan sha a shanya shi ya bushe sosai kar ya yi funfuna. Zuba ganye ya kai kashi biyu cikin uku na ƙoƙon. Rufe bakin da tafin hannu, kifa shi ka girgiza, za ka ga gari kore ya manne maka a hannu, wannan garin ne ke toshe bututu dama so ake ya dawo sama. Sai ka karkata ƙoƙon ganyen ya taru gefe ɗaya, ɗaya gefen ya yi rami. A ramin nan za ka fara zuba ruwa mai ɗumi kaɗan, ka jira minti ɗaya ko biyu ganyen ya sha ya kumbura, sannan ka toshe bakin bututun da babban yatsa ka soka shi har ƙasa. Bututun suna ce masa bombiya, gindinsa na da 'yan huji da ke tace ganye. Daga nan dan Allah kar ka juya shi, ba cokali ba ne, kana motsawa ya toshe. Ruwa kaɗan-kaɗan daidai gindin bututun, saman tudun ganyen a bar shi a bushe, ka shanye ka sake zubawa, haka har ka ji ɗanɗanon ya salance.

Wanda bai da bututu kar ya damu. Cokali ɗaya babba a kofi, ruwan zafi irin wanda na faɗa, minti 4 ko 5, a tace da rariyar shayi. Can Ajantina ma haka ake ba yara da madara.

Amma ni a ganina wanda ya fi dacewa da mu shi ne na sanyi, tereré na mutanen Faraguwai, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2020. Watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Garwa ke wuce digiri 40 wa ke neman abu mai zafi da rana? Haɗin ɗaya ne, sai dai ruwan ƙanƙara za ka riƙa zubawa, ka daddaka na'ana'a ka jefa a jug ɗin, ka matsa lemun tsami. Ɗacin yana raguwa sosai, kuma maganar ƙona maƙogwaro ta fita gaba ɗaya. Ƙanƙarar dai a tabbata da ruwa mai kyau aka yi ta.

Amfaninsa a jiki kuwa, akwai kafeyin a ciki, kofi ɗaya ya fi koren shayi ƙarfi amma yawanci bai kai gahawa mai kauri ba, ga kuma sinadarin tiyoburomin irin na kokon da ake cakulan da shi. Yana wartsakar da mutum, yana kore gyangyaɗi, ɗalibai da teloli masu aikin dare za su ji daɗinsa. Yana da sinadaran nan masu kare ƙwayoyin jiki irin na koren shayi, kuma ƙananan bincike sun nuna yana ɗan rage mugun kitsen jini da yawan jin yunwa. Ɗan ragewa fa na ce. Masu tallarsa a WhatsApp wai yana narkar da tumbi cikin sati biyu ko yana maganin ciwon sukari, wannan neman kuɗi ne kawai, kar kowa ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa saboda ganye. In kuma ka loda masa sukari cokali huɗu to ribar ta tafi.

Mai hawan jini, mai bugun zuciya, mai gyambon ciki, su tambayi likita tukuna. Mai juna biyu kar ta wuce miligiram 200 na kafeyin a yini, babban mutum lafiyayye 400, kuma a tuna ƙoƙo ɗaya da ake ta maimaita wa ruwa yana iya tara da yawa. Mai ƙarancin jini ya ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci dan yana rage shigar sinadarin ƙarfe jiki, irin yadda shayi ke yi. Bayan la'asar a haƙura da shi in ana son barci. Wasu kamfanoni da hayaƙin itace suke busar da ganyen, in ka samu wanda aka rubuta sin humo a leda, wato ba hayaƙi, shi ya fi.

Su can Kudancin Amurka bututu ɗaya ake zagayawa da shi a majalisa, mai zuba ruwa ya sha na farko sannan ya miƙa wa na gefe. A Siriya kuwa kowa da ɗan kofinsa da bututunsa, fulas kaɗai ake tarayya, kuma da mura da tarin da ke yawo lokacin hunturu wannan tsarin nake ba ku shawara ku bi.