Kurakuran da ke ɓata gwajin niyutiron kan sufa-kondakta, da yadda ake gyara su

Niyutiron, ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra, ba shi da cajin lantarki, shi ya sa idan aka harba shi yake ratsa abu har cikinsa. Yana kuma da ɗan maganaɗisu a jikinsa, saboda haka yana gano yadda maganaɗisun ƙwayoyin zarra ya jeru. Wannan baiwa ce ta sa masu binciken sufa-kondakta, wato abin da lantarki ke bi ta cikinsa ba tirjiya idan ya yi sanyi sosai, suke rububin samun lokaci a cibiyoyin gwajin niyutiron irin su ILL da ke Grenoble a Faransa, ko ISIS a Ingila, ko J-PARC a Japan. Kwanaki kaɗan ake ba mutum, kuma galibi tun kafin ya isa wurin ya riga ya shuka abin da zai lalata masa aikin.

Babban abokin gaba shi ne haidurojin. Yana watsa niyutiron ta ko'ina ba tsari, ya cika ma'auni da hayaniya har siginar da ake nema ta nutse. Abin takaicin shi ne inda yake ɓuya: cikin gam ɗin da aka manna kiristal da shi, cikin maiƙon yatsa, cikin danshin da garin samfur ya sha a iska. Mutum ya shafe wata biyu yana jera ƙananan kiristal ɗari a kan farantin alminiyam, kowanne yana fuskantar gefe ɗaya, sai ɗigon gam ya ci masa aikin. A ɗaure da wayar alminiyam, ko a nemi gam marar haidurojin, a sa safar hannu. Idan haidurojin na cikin ginin abin da kansa, a musanya shi da diyutiriyom, wato nau'in haidurojin mai nauyi.

Akwai kuma sinadaran da ke haɗiye niyutiron, irin su kadmiyom, gadoliniyom da boron-10 (wani nau'in boron). MgB2, haɗin magniziyom da boron, wanda aka gano a 2001 yana zama sufa-kondakta a kelbin 39 (kimanin digiri 234 ƙasa da sifili a Salshiyos), sai an haɗa shi da boron-11 kafin a samu ma'auni mai kyau.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne saurin gaskata tsini, wato inda adadin niyutiron da aka ƙirga ya yi sama kwatsam a jadawali. Tsini ya bayyana a jadawali, zuciya ta buga, an fara tunanin sabon bincike. A dakata. Mazubin alminiyam yana da nasa tsinin. Niyutiron masu rabin tsawon zangon da aka zaɓa sukan kutso su haifar da na bogi, shi ya sa ake sa matatar girafait a hanya. A auna mazubin ba komai ciki, a sauya ƙarfin niyutiron a sake aunawa. Tsinin gaske zai tsaya inda yake, na bogi zai gusa ko ya ɓace.

Ko da na gaske ne, da sauran tambaya: maganaɗisu ne ko girgizar zarra? Siginar maganaɗisu tana raguwa idan aka matsa zuwa babban Q, wato girman canjin da motsin niyutiron ya samu bayan ya bugi samfur, ta girgiza kuwa ƙaruwa take yi. Shahararren tsinin nan na 41 meV (awon ƙarfin niyutiron) a YBCO, wani sufa-kondakta mai ɗauke da jan ƙarfe, wanda aka fara gani a 1991, yana zaune kusa da wata girgiza, kuma gwaji da niyutiron da maganaɗisunsu ke fuskantar gefe ɗaya ne ya tabbatar na maganaɗisu ne. A auna sama da ƙasa da zafin da abin ke sauyawa zuwa sufa-kondakta, a cire ɗaya daga ɗaya.

A nan ma a kula: ma'aunin zafi yana faɗin zafin inda aka maƙala shi ne. Samfur mai nauyi yakan makara, don haka a ba shi lokaci ya daidaita kafin a fara ƙirga.